Harzar Hatsi Mai Narkewa: Amfaninta Ga Lafiya Da Darajarta A Kasuwa

A watan Janairu na shekarar 1997, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince wa masu sarrafa hatsin ot su rubuta a jikin kayansu cewa cinsa na iya rage haɗarin ciwon zuciya. Kamfanin Quaker Oats ne ya nemi wannan izini. Daga bisani, a shekarar 2005, aka haɗa da sha'ir.

Abin da ya jawo wa hatsin biyu wannan daraja shi ne wata harza mai narkewa a ruwa da ake kira beta-gulukan. Idan ta isa ciki takan yi yauƙi irin na kuɓewa, ta jinkirta wucewar abinci da shigar sukari cikin jini, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Haka kuma takan riƙe ruwan matsarmama ta fita da shi, sai hanta ta janyo kolastarol daga jini domin ta samar da wani.

Wannan aiki ya shafi matsalar da likitoci ke auna ta da alamomi biyar: tumbi, hawan jini, yawan sukari, yawan kitse a jini da kuma ƙarancin kolastarol mai amfani. Wanda ya haɗa uku daga ciki yana fuskantar haɗarin ciwon sukari da na zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ƙiba mai tsanani.

Sai dai amfanin yana da ma'auni. Ana bukatar giram 3 a kowace rana kafin kolastarol ya sauka, kuma dokar Amurka ta ce sai kason ci guda ya ƙunshi aƙalla giram 0.75 kafin a yi wannan rubutu. Game da rage nauyi kuwa, bincike ya nuna tasirin kaɗan ne. Sarrafawa mai tsanani tana rage yauƙin, tarin sukari da madara kuma yana cinye ribar.

Ya kamata masu niƙan gari a Nijeriya su lura cewa yawancin harzar gero da dawa ba ta narkewa, kuma surfe yana tafiya da kaso mai yawa cikin dusa. Tana taimaka wa hanji, amma ba a jingina mata da'awar ot. Masu shigo da kaya kuwa, kafin su biya kuɗin kwali mai alkawarin rage ƙiba, su duba adadin giram da aka rubuta da kuma lambar rajistar hukumar NAFDAC.