Bugun Katako na Ƙasar Sin: Abin da Masana da Masu Zane Suka Gani a Gidan Tarihi

Gabatarwa
Ranar da aka fara koya mana ajami, ni da ban tashi da Hausa a baki ba, haruffan sun yi mini kama da zanen ado kawai. Sai da na yi makonni kafin suka soma magana da ni. Wannan ne ya sa na yi sha'awar rubuta 'yar maƙalar nan a kan bugun katako na ƙasar Sin da ke ajiye a birnin Landan, da yadda masana da masu zane suka dube shi.

Mene ne Bugun Katako?
Hanya ce ta ɗab'i wadda Sinawa suka ƙware a kanta tun kafin Turai ta san injin buga littafi. Ana yin rubutu ko zane a kan takarda marar kauri, a kifa ta a kan allon katako, sau da yawa na wani irin itacen magarya. Sai gwani ya sa wuƙa ya sassaƙe duk inda babu tawada, haruffa su fito a juye kamar na hatimi. Daga nan a shafa tawada, a ɗora takarda, a goge bayanta da buroshi. Allo ɗaya yakan ba da ɗaruruwan kwafe. A shekarar 1633, Hu Zhengyan na birnin Nanjing ya fitar da littafin zane mai launuka, inda kowane launi yake da nasa guntun katako.

Ra'ayin Masana
A shekarar 1907, wani mai bincike, Aurel Stein, ya sayi tarin takardu daga hannun mai kula da kogunan Mogao da ke kusa da Dunhuang, aka kai su Gidan Tarihi na Birtaniya. A cikinsu akwai littafin addinin Buddha mai suna Diamond Sutra, wanda yanzu yake Laburaren Birtaniya. Abin da ya ja hankalin masana shi ne 'yar jimlar da ke ƙarshensa. Ta nuna cewa wani Wang Jie ne ya sa aka buga shi saboda iyayensa, a shekarar da ta yi daidai da 868 Miladiyya. Wato shi ne cikakken littafin ɗab'i mafi tsufa da ke ɗauke da kwanan wata.

Sai dai ba a rasa ƙorafi ba. Masana da yawa a ƙasar Sin suna ganin an raba su da gadon kakanninsu ne. A 1994 aka kafa wani shiri na ƙasa da ƙasa domin ɗaukar hotunan takardun Dunhuang a sa su a intanet. Wannan ya sauƙaƙa nazari, amma hoto ba ya maye gurbin asali.

Ra'ayin Masu Zane
A 2010 Gidan Tarihi na Birtaniya ya shirya nunin bugun ƙasar Sin tun daga ƙarni na 8 zuwa na 21, tsoho da sabo a wuri guda. Shi mai zane ba kwanan wata yake nema ba, sawun wuƙa yake bi. Babban misalin wanda ya amsa wa wannan gado shi ne Xu Bing. Daga 1987 zuwa 1991 ya sassaƙa haruffa kimanin 4,000 da hannunsa, ya buga littattafai masu kama da na magabata. Amma ko harafi ɗaya ba shi da ma'ana, duk ƙirƙirarsu ya yi! Basine mai ilimi yakan tsaya gabansu ya kasa karanta komai, kamar dai yadda na tsaya gaban ajami a ranar farko.

Kammalawa
A taƙaice, masani yana karanta saƙo, mai zane yana karanta siffa, kuma kowannensu rabin abin ya gani. Mu ɗaliban harshe muna buƙatar idanun biyu. Idan aka miƙo mana tsohon rubutun ajami, kada mu gaggauta juya shi zuwa boko mu ajiye. Mu duba hannun marubuci da tawadarsa da abin da ya rubuta a ƙarshen shafi, domin wani lokaci tarihin yana can.