Darasin Zaman Lafiya Daga Kasuwar Sabon Gari

A wannan wata za mu leƙa Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Da yawa daga cikinmu mun taɓa zuwa can sayen atamfa, ko fitila, ko kayan ɗakin amarya. A cikinta za ka ga Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Banufe, shago na jikin shago. Kowa da harshensa, kowa da addininsa, amma ciniki ya haɗa su.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A kasuwa kullum ana saɓawa. To, me ya sa yawancin rigingimu sukan mutu a bakin shago, amma wata rigimar takan tashi gari? Wannan ita ce tambayar da malaman jami'a suka daɗe suna bincike a kai. Amsarta ta shafe mu har a ƙauye.

Yadda aka kafa Sabon Gari

Turawa sun ci Kano a shekarar 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Wajen 1913 sai Turawa suka keɓe wa baƙin nan unguwa a bayan ganuwa, aka sa mata suna Sabon Gari. Kusa da ita akwai Fagge, tsohon masaukin fatake.

Shekaru da dama Sabon Gari ba ta ƙarƙashin En'e. Tsarin mulkinta daban, kotunta daban, makarantunta daban. Sai daga baya aka mai da ita hannun En'e ta Kano. Wato da rana a haɗu a kasuwa, da dare kowa ya koma nasa ɓangare. Ba a san juna sosai ba. Inda babu sanayya kuwa, zargi ba ya wuyar shiga.

Wani malami na Jami'ar Ibadan, Isaac Olawale Albert, ya yi bincike a kan rigingimun Hausawa da Ibo a Kano daga 1953 zuwa 1991. An buga binciken a 1993. Ya nuna cewa wannan raba mazauni da Turawa suka yi, da gasar neman abinci, suna cikin tushen matsalar. Ashe yadda hukuma ta tsara zaman jama'a yana iya jawo fitina bayan shekaru masu yawa.

Lokutan da wuta ta kama

A 1953 wani ɗan majalisa, Anthony Enahoro, ya nemi a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ce lokaci bai yi ba tukuna. Aka yi musu ihu a Ikko. A watan Mayu, da tawagar wata jam'iyyar Kudu ta nufo Kano, sai faɗa ya ɓarke tsakanin Sabon Gari da Fagge da cikin birni. An yi kwana huɗu ana yi. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Rigimar ta 'yan siyasa ce, amma talaka ne ya kwana a ciki. Bayanta ne aka yi taro a Landan, aka fito da tsarin tarayya a 1954, kowace jiha ta riƙe harkokinta.

A watan Oktoba na 1991 an sake yin wata, a kan zuwan wani mai wa'azin Kirista daga Jamus, Reinhard Bonnke. A watan Mayu na 1995 kuma, saɓani tsakanin mutum biyu a wajen kasuwar ya zama tarzoma, aka yi asarar rayuka da dukiya. Ku lura da wannan ta 1995. Mutum biyu ne suka saɓa. Da labari ya bazu, sai aka daina cewa wane da wane, aka koma cewa ƙabila kaza da ƙabila kaza. Jita-jita ita ce iskar da ta hura wutar.

Yadda al'ada ke kashe rigima

Amma kada mu manta, ranakun zaman lafiya a kasuwar nan sun fi ranakun faɗa yawa nesa ba kusa ba. Me ke riƙe da su?

Na farko, akwai shugabanni. Masu kowace sana'a suna da ƙungiya da dattawa. In an saɓa a kan bashi, ko iyakar rumfa, ko kayan da suka lalace, wurinsu ake fara zuwa. A zauna, a ji ta bakin kowa, a kira shaidu. Mai laifi ya biya, a ba juna hannu, gobe a ci gaba da ciniki.

Na biyu, akwai sarauta. Daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Baƙi ma suna da nasu shugabanni, kamar Sarkin Yarabawa da shugaban Ibo na Kano. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, ya sha kiran jama'a da su kwantar da hankali in an shiga rikici.

Na uku, akwai wasan barkwanci: Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. Maganar da za ta jawo dambe, sai abokin wasa ya faɗe ta a yi dariya. A 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan al'ada ta ƙasar Nijar cikin kayan gadon duniya.

Bambancin sulhu da shari'a shi ne, a kotu wani ya ci, wani ya faɗi. A sulhu kuwa ana neman a gyara zama, domin gobe ma maƙwabta ne.

Aikin hukuma

Al'ada kaɗai ba ta isa ba. Dattijo yana iya raba masu bashi, amma ba ya iya tare 'yan daba. Wannan aikin hukuma ne: ta kawo 'yan sanda da wuri, ta hukunta mai laifi ko ɗan wane ne, ta raba rumfuna da adalci. In aka kafa kwamitin bincike, a yi aiki da rahotonsa. In mai laifi ya sha, wanda aka zalunta zai riƙe abin a zuci har wata rana.

Gwamnatin Kano ta gwada haɗa hanyoyin biyu. A 2003 ta kafa Hukumar Hisba, wadda sulhu na cikin ayyukanta. A zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, daga 2003 zuwa 2011, an ɓullo da Zauren Sulhu a unguwanni. A 2009 kuma aka buɗe sashen sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha, inda masu ƙara za su iya daidaitawa ba tare da doguwar shari'a ba.

In mai bincike ya zo garinku

Su ma masu bincike sai sun bi al'ada. Wanda ya shigo gari bai gai da mai gari ba, ba zai ji gaskiya ba. Matan da ke cikin gida kuwa, mace 'yar'uwarsu ce za ta ji ta bakinsu. Inda mutane ke tsoron hukuma, sai su yi shiru. Saboda haka in ya zo ta hanyar da ta dace, ku tambaye shi daga ina yake, da abin da zai yi da maganarku. In kun gamsu, ku faɗa masa gaskiya, har da laifin ɓangarenku.

Abin da za mu riƙe

A ƙauye ma muna da namu: iyakar gona, ɓarnar shanu, layin rijiya, rabon gado. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kai ƙaramar magana wurin mai unguwa ko liman tun ba ta kwana ba. Kada ku yaɗa labarin da ba ku gani da idonku ba. Laifin mutum ɗaya kuma kada a ɗora wa ƙabilarsa duka.

Ga tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci:

1. A garinku, wa ake fara kai wa ƙara in an saɓa?
2. Su wane ne abokan wasanku?
3. Wace rigima ce kuka taɓa gani jita-jita ta ƙara mata girma?

Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.