Kafin Ka Bi Su Cikin Ramin Dutse

A ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, jami'o'in Birtaniya kan ware ranar da ƙungiyoyin ɗalibai ke baje kolinsu don jan sababbin shiga. Ga 'yan ƙwallo, ga 'yan muhawara, ga masu wasan kwaikwayo. A cikinsu akan samu wani tebur da aka jera wa hular kwano da fitilar goshi da naɗin igiya, a bayansa kuma hotunan samari da 'yan mata sun yi butu-butu da taɓo suna ta dariya a cikin wani makeken ɗakin dutse. 'Yan ƙungiyar shiga kogo ke nan. Za su ce maka ba sai ka iya komai ba, kaya na aro ne, kuɗin bai taka kara ya karya ba, in kuma ka dage, dogon hutu mai zuwa har da kai za a tafi tsaunukan Alps a taka inda ɗan Adam bai taɓa takawa ba. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu a can suna bi ta gaban wannan tebur, wanda bai bi ba kuma bidiyon ya iske shi a wayarsa. Da su nake, da iyayen da ke tura musu kuɗi.

Ba na raina waɗannan ƙungiyoyi. Ta Jami'ar Kembirij tun 1976 take zuwa tudun Loser a Ostiriya, kuma kogon Schwarzmooskogel da suke aiki a kansa tare da wasu ƙungiyoyin ya haura kilomita 100 a tsawo. Ɗaliban Oksfod sun zarce zurfin mita 1,000 a Pozu del Xitu da ke tsaunukan Picos de Europa na Sifaniya a 1981. 'Yan Imperial College na Landan sun fara zuwa dutsen Migovec a 1994, su da 'yan ƙungiyar garin Tolmin suka yi ta bin hanyoyi suna aunawa har ya zama kogo mafi tsawo a Silobeniya. Aikin ilimi ne na gaske, da taswira da awo da haƙurin shekaru. Illar ita ce yanzu hoton aikin ya fi aikin gudu. Mutum na kwance a ɗaki sai ya ga ƙarshen tafiyar shekara 30 cikin minti ɗaya, ya ɗauka shi ma hutu ɗaya ya ishe shi. Ganin Dala kuwa ba shiga birni ba ne.

Ya kamata a san irin wurin da ake magana a kai. Waɗannan tsaunuka na farin dutse ne, irin wanda ake haƙa a Ashaka da Kalambaina a yi siminti. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna cin sa sannu a hankali, shekaru dubbai, har su huda shi daga ƙoli zuwa gindi. Saboda haka kogon Alps ba zaure ba ne da za ka shiga a tsaye ka juyo in ka gaji. Rijiyoyi ne a jere, wata ƙarƙashin wata, wata zurfinta mita 20, wata 200, tsakaninsu matsatsun hanyoyin da sai an ja ciki. Igiya ɗaya tak ake sauka da ita, kaurinta milimita 9 zuwa 10. Sauka ba ta cin ƙarfi, nauyin jikinka ne ke yi maka aikin. A nan yaudarar take. Duk mitar da ka sauka bashi ce, za ka biya ta da cinya da damtse, kana jan kanka taku ɗaya bayan ɗaya da ƙarafa masu cizon igiya, bayan ka riga ka gaji, ka jiƙe, yunwa kuma ta kama ka.

Ga sanyi. A cikin irin waɗannan ramuka ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin digiri 1 zuwa 4, dare da rana, rani da damina, iskar kuma jiƙe take da laima. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki 20 da 'yan kai. Da zafin jikin mutum ya faɗo ƙasa da digiri 35, yatsu su daina jin magana, harshe ya yi nauyi, tunani ya dagule. Mutumin da ke rataye a igiya bisa rami mai zurfi, da yatsu da tunani kaɗai yake riƙe da ransa. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, wanda sanyin hunturu ma yake sa shi kwana gaban garwashi, ya yi wa kansa hisabi.

Amma babban makashi ruwa ne. Lokacin da ɗalibai ke samun hutu, Yuli da Agusta, shi ne lokacin hadarin yamma da tsawa a Alps. Saman irin wannan dutse ba shi da ƙasa mai kauri da za ta riƙe ruwa, duk abin da ya zubo tsagogi yake bi ya gangara, kuma ta ramin da kake ciki zai bi. Kai kana can ƙasa ba ka ga gajimare ba, ba ka ji tsawa ba. Labari na farko da zai zo maka shi ne rugugi daga sama da iska mai turowa, kafin ka gama tambayar mene ne, rijiyar da ka sauko ta cikinta a bushe ta zama bakin ƙwarya. A Yulin 1996 haka ta faru a Gouffre Berger da ke tsaunin Vercors na Faransa, kogon farko a duniya da aka zarce zurfin mita 1,000 a cikinsa, a 1956. Ambaliya ta rutsa da mutane suna kan hanyar fita, biyu suka rasu, ɗaya ɗan Hangari, ɗaya 'yar Ingila daga ƙungiyar kogo ta Oksfod. Na'urar sadarwar da aka ƙera daga baya, mai aika magana ta cikin dutse, sunanta aka sa mata, Nicola. Ba sai an je Alps ba ma. Ranar 24 ga Yunin 1967, ruwan tsawa ya cika kogon Mossdale a arewacin Ingila, matasa shida suka nutse a wata matsatsiyar hanya, wasu daga cikinsu 'yan ƙungiyar Jami'ar Leeds ne. Har yau gawarwakinsu na ciki.

Kada wani ya ce ai dattawan ƙungiya sun san halin ruwan wurin. Sun san na jiya. Alps ya ƙara ɗumi da kusan digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, kusan ninki biyu na abin da duniya ta ƙara, kuma duk digiri ɗaya na ƙarin ɗumi yana ba iska damar ɗaukar kusan kashi 7 cikin 100 na ƙarin tururi. Hadarin yau ya fi na 1980 nauyin kaya. Hanyar da aka rubuta a tsohon littafin ƙungiya cewa ba ta cika, ba wanda ya yi yarjejeniya da ita.

To, a ce ba ruwa, ba sanyi, tsautsayi ne kawai ya gitta. A nan nake so a tsaya a saurari labarin Riesending, kogo mafi zurfi a Jamus, a dutsen Untersberg kusa da iyakar Ostiriya. Ranar 8 ga Yunin 2014, dutse ya ɓalle ya faɗo wa Johann Westhauser a kai, a zurfin kusan mita 1,000. Ba ɗan koyo ba ne, ya haura shekara 50, yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin kogon, kuma da hular kwanonsa a kai. Abokin tafiyarsa ɗaya ya zauna da shi, ɗayan ya yi kusan awa 12 yana hawa kafin ya kai inda zai iya kiran agaji. Sai da aka kwana uku likita ya isa wurinsa. Aka ɗaure shi a gadon ɗaukar majinyaci, aka riƙa miƙa shi hannu da hannu a matsi, ana jan sa da igiya a rijiyoyi, mutane na rataya kansu a ɗaya gefen igiyar don nauyinsu ya ɗaga nasa. Bai ga hasken rana ba sai 19 ga wata, bayan kwana 11. Mutum sama da 700 suka yi aikin, daga Jamus da Ostiriya da Suwizalan da Italiya da Kuroshiya, kuɗin kuma ya kusa Yuro miliyan ɗaya. Da aka gama, hukuma ta sa ƙofar ƙarfe ta rufe bakin ramin, don ta san 'yan kallo za su biyo baya.

Ka lura, wannan a Jamus ne, inda jirgi mai saukar ungulu ke jira a bakin rami, kuma mutumin ya yi sa'a. A Satumbar 2023 an sake irin wannan a kogon Morca na kudancin Turkiyya, inda jini ya ɓalle a cikin Ba'amurke Mark Dickey, shi kansa ƙwararren mai ceto, a zurfin sama da mita 1,000. Sai da masu ceto daga ƙasashen Turai da dama suka haɗu aka fito da shi bayan fiye da mako guda. Karayar ƙafar da a filin ƙwallo aikin awa biyu ce a asibiti, a can ƙasa aikin ɗaruruwan mutane ce, kowannensu kuma nasa ran ya ajiye a kan naka. Duk mai cewa raina ne, ba ruwan kowa, bai san abin da yake faɗa ba.

Akwai kuma rauni da ke jikin ƙungiyar ɗalibai kanta, wanda ba za a rubuta shi a tebur ba. Digiri a Ingila shekara uku ne. Yaron da ya fara riƙe igiya yana ɗan 18, da ya kai 21 shi ne babba, shi ke koyarwa, shi ke yanke hukuncin a shiga ko a fasa. Ƙungiyoyin da suka daɗe sun tsira ne don tsofaffin ɗalibansu na dawowa duk shekara, masu furfura da suka taɓa binne aboki, su ne ke iya duban sama su ce yau ba mai shiga. Inda babu irin waɗannan, abin da ke mulki shi ne lissafin kwanaki: an tara kuɗi shekara guda, an yi doguwar tafiya, an yi dakon igiya zuwa kan dutse, saura kwana huɗu a koma, ga sabuwar hanya an gani tana busowa da iska, ga hasashen yanayi bai yi kyau ba. Wa zai ce a haƙura? Ɗan shekara 21 da ke son a sa sunan da ya zaɓa a taswira?

Namu kuma suna da ƙarin wani kaya: kunya. An tarbiyyantar da mu kada mu yi ƙorafi a gaban baƙi, kada namiji ya nuna gazawa. Yaro shi kaɗai baƙar fata cikin Turawa goma, yana rawar ɗari, ba ya jin yatsunsa, a tambaye shi lafiya, ya ce lafiya ƙalau don kada a ce rago ne. Da yawa kuma ba su iya iyo ba, ba za su faɗa ba. A gida wannan ɗabi'a mutunci ce. A zurfin mita 400 ƙarya ce da za ta iya kashe ka, ta haɗa da wanda zai tsaya ɗaukarka.

Mafi muni su ne waɗanda suka tsallake ƙungiyar gaba ɗaya. Taswirori na intanet, wuraren bakunan ramuka na intanet, kayan kuma ana sayensu a waya a kawo har ƙofar ɗaki, YouTube ya zama malami. A Agustan 2021 masu bincike a Veryovkina, kogo mafi zurfi da aka sani a duniya, mita 2,200 da 'yan kai a yankin Abkaziya, suka tarar da gawar wani mutum a zurfin kusan mita 1,100. Shi kaɗai ya shiga tun watanni da suka wuce, ya iya sauka, ya kasa hawa, sanyi ya gama da shi. A wannan kogon dai, a 2018, ƙwararrun 'yan Rasha da kyar suka sha da ambaliya ta haɗiye sansaninsu na ƙasa, kuma abin da ya cece su shi ne abokansu da ke sama da su sun yi musu waya ta layin da aka ja a cikin kogon. Wanda ya shiga shi kaɗai, wa zai yi masa waya?

Masu dawowa gida da niyyar kafa irin wannan ƙungiya a jami'o'inmu su ƙara da nasu lissafin. Yawancin kogwannin Afirka ba su da sanyin Alps, amma suna da jemagu: an danganta kamuwa da cutar Marburg da shiga kogon Kitum na Kenya a 1980 da 1987. Sannan ka tambayi kanka lambar wa za ka kira, kuma mutum nawa za su zo da igiya.

Kai ɗalibi, in har sai ka yi, to ka shekara biyu a ƙananan kogwanni kafin ka yi maganar Alps. Ka koyi juyawa daga sauka zuwa hawa a tsakiyar igiya, a cikin duhu, da jiƙaƙƙen safar hannu, har ya zame maka jiki. Kada ka shiga rami sai an bar wani a waje da ya san inda kuka nufa da lokacin da in ba ku fito ba zai kira masu ceto. Ranar da aka yi hasashen hadari ka zauna a tanti, ko da kai kaɗai ne za a yi wa dariya. Ka karanta takardar inshorarka da idonka, domin da yawa daga inshorar tafiye-tafiye sun cire shiga kogo daga abin da suke biya.

Ku kuma iyaye, in ya bugo waya ya ce, "Baba, a ƙaro kuɗi, za mu je Ostiriya yawon hutu da 'yan makarantarmu," kada ku tsaya a Allah ya kiyaye hanya. Ku tambaye shi zurfin ramin, da shekarun da jagoran ya yi yana shigarsa, da wanda zai zauna a sama yana duban hadari, da wanda zai biya kuɗin jirgin ceto. In ya fara in-ina a ɗaya daga ciki, ku riƙe kuɗinku, ku ce ya dawo gida hutu.