AWON SAURIN MAI GUDU DA AMSA-KUWWA

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, ya malamai da attajirai, kun san awo da mudu da sikeli. Yau za mu yi zancen awo da sauti.

Tun da daɗewa Shehin malami Albiruni ya bayyana cewa haske ya fi sauti sauri, shi ya sa akan ga walƙiya kafin a ji tsawa. Masana sun auna, sun tarar sauti yakan ci kamar mita 343 a sakan ɗaya cikin iska mai matsakaicin ɗumi.

A shekarar 1842 wani malamin Ostiriya, Christian Doppler, ya ce abin da ke matsowa muryarsa takan yi siriri, wanda ke nisanta kuwa takan yi kauri. A 1845 Buys Ballot ya jarraba a ƙasar Holan, ya ɗora mabusa a jirgin ƙasa, aka tarar gaskiya ne.

To, ga yadda awon yake. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan, amma jemage da irinsa yake gane hanya cikin duhu. In na'ura ta harba sauti mai kaɗawa 40,000 ga bangon da ke gabanta, mai ɗauke da ita yana cin mita 3 a sakan, amsar za ta komo da ƙarin kamar 700. Daga ƙarin nan ake lissafa saurinsa. Wannan ya fi ƙirga taku, domin takun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne.

A 1987 kamfanin Nike na Amurka ya fito da na'urar Monitor, wadda mai gudu ke ɗaurawa a ƙugu, tana aunawa da sauti, tana faɗa masa saurinsa a kunne. Ba ta yi kasuwa ba, aka daina ƙera ta. Ɗan kasuwa ya san hikima ba ta sayar da kaya in sun yi wa mai saye nauyi. Yau agogunan da ke ɗauko labari daga tauraron ɗan Adam sun gaje ta.

Amma ilmin bai faɗi ƙasa ba. Da shi likita ke auna gudun jini cikin jijiya, da shi ungozoma ke jin bugun zuciyar ɗan da ke ciki. Saboda haka, maigida, kada ka hana iyalinka zuwa awo. Allah Ya amfane mu da abin da Ya sanar da mu, amin.