Suɓul da Baka a Sararin Samaniyar Japan

Ranar Laraba, 31 ga Janairu 2001, da ƙarfe uku da rabi da 'yan mintuna na yamma, wani jirgi ƙirar Boeing 747 na kamfanin Japan Airlines ya tashi daga filin jirgin sama na Haneda da ke Tokyo, ya nufi Naha a tsibirin Okinawa. Lambarsa 907, kuma mutum 427 ne a cikinsa. A daidai lokacin wani jirgin kamfanin, ƙirar DC-10 mai lamba 958, yana tafe daga Busan ta Koriya ta Kudu zuwa Narita, ɗauke da mutum 250. In aka haɗa, rai 677 ke nan. Haɗarin jirgin sama mafi muni da aka taɓa yi, na Tenerife a 1977, mutum 583 ya ci.

Ba matuƙi ke zaɓar wa kansa hanya a sama ba. Akwai ma'aikata a ƙasa, zaune gaban allon na'urar rada, su ke ce wa wannan ka hau, wancan ka sauka, har kowa ya wuce lafiya. Wanda ke riƙe da wannan yanki a ranar, a cibiyar Tokorozawa kusa da Tokyo, matashi ne ɗan shekara 26 da ke koyon aikin yankin, wata ma'aikaciya da ta fi shi daɗewa tana sa masa ido. Jirage kusan goma ne a hannunsa bayan waɗannan biyu. An ba 907 izinin hawa zuwa ƙafa 39,000, shi kuwa 958 yana tafiyarsa a ƙafa 37,000, hanyoyinsu kuma za su gitta a saman gaɓar tekun Suruga, kusa da garin Yaizu.

Sai da allon ya nuna gargaɗi sannan matashin ya lura jiragen sun doshi wuri ɗaya. Abin da ya ƙudurta a ransa daidai ne: 958 ya sauka zuwa ƙafa 35,000, 907 ya ci gaba da hawansa ya wuce ta sama. Ya danna makirufo, amma lambar da ta fito daga bakinsa ita ce 907.

Ƙa'idar aikin ita ce matuƙi ya maimaita duk umarnin da aka ba shi, har da lambar jirginsa, domin in an yi kuskure a kama shi tun da wuri. Matuƙan 907 sun maimaita, sun ambaci lambarsu sarai, sun kuma ce suna hangen ɗaya jirgin. Matashin ya ji, mai sa masa ido ta ji, babu wanda ya farga. Wannan ne wurin da ya fi tsaya mini a rai a labarin duka. Kunne yakan ji abin da zuciya ta riga ta yanke. Su biyun sun tabbata da 958 aka yi magana, don haka amsar da ta dawo ba ta yi musu wani banbaraƙwai ba.

Kowane ɗaya daga jiragen yana da na'urar kauce wa karo da ake kira TCAS. Ba ta jiran mutumin ƙasa. Na'urar wannan jirgi tana magana da ta wancan, su auna nisa da tsayi, in suka ga saura kamar rabin minti a haɗu sai su raba aiki: ɗaya ta ce wa matuƙinta hau, ɗaya ta ce sauka. Haka aka yi. Ta 958 ta ce a sauka, matuƙansa suka bi. Ta 907 ta ce a hau. To amma kyaftin ɗin 907 ya riga ya rage wa injuna wuta, ya fara gangarowa kamar yadda aka umarce shi daƙiƙu kaɗan kafin nan. Murya biyu a kunnensa, ta mutum da ta na'ura, kowacce da inda ta nufa. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, ƙaton jirgi ba ya juyawa daga sauka zuwa hawa nan take, ga shi kuma yana ganin abokin karon da idonsa. Ya zaɓi ya ci gaba da sauka.

Jirage biyu ke nan suna gangarowa zuwa wuri ɗaya, kowanne yana zaton kauce wa ɗan'uwansa yake yi.

A ƙasa hankali ya tashi. Matashin ya ga 958 bai yi abin da yake tsammani ba, ya umarce shi ya karkata dama, bai sami amsa ba. Mai sa masa ido ta karɓe magana don ta gyara, ita ma harshenta ya karkace, ta kira "957", lambar da babu jirgi mai ita a yankin. Magana zarar bunu ce, ta farkon ta riga ta fita, ta biyun kuma ta faɗi a inda babu mai ɗauka.

Ido ne ya yi sauran aikin. Da kyaftin ɗin 907 ya ga DC-10 ya cika masa gilashin gaba, sai ya tura sitiyari gaba da ƙarfi, jirgin ya yi ƙasa da kai. Matuƙan 958 su ma da suka ga 747 yana sauka tare da su, suka daina saukar. Jirgin 907 ya wuce ta ƙarƙashin 958, tsakaninsu kimanin mita 135, wato bai kai tsawon jirgin 747 biyu a jere ba.

A cikin 907 kuwa, duk abin da ba a ɗaure ba ya tashi sama. Lokacin raba abin sha ne. Kekunan da ma'aikata ke turawa suka daki rufi, wani ma ya fasa ya maƙale a can. Wani yaro ya tsallake layi huɗu na kujeru kafin ya faɗo. Mutum 100 suka ji rauni, tara daga ciki rauni mai tsanani, amma babu wanda ya rasu. Jirgin ya juya ya koma Haneda, 958 kuma ya sauka Narita ba tare da kowa ya ji ko ƙwarzane ba.

Tambayar da wannan rana ta bari a fili take: in mutum ya ce sauka, na'ura ta ce hau, wa za a bi? Dokokin lokacin ba su yanke maganar yadda kowa zai fahimta iri ɗaya ba, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ba ta yi hanzarin yanke ta ba. Wata goma sha bakwai bayan nan, a daren 1 ga Yuli 2002, tambayar ta sake dawowa a saman garin Überlingen na kudancin Jamus. Jirgin Rasha ƙirar Tupolev 154 na kamfanin Bashkirian Airlines, mai kai 'yan makaranta daga Ufa hutu Barcelona, da jirgin kaya na DHL ƙirar Boeing 757, duka suna ƙafa 36,000. Ma'aikaci ɗaya ne ke kula da allo biyu a cibiyar Zurich, ana kuma gyaran wasu na'urori da layin waya. Ya ce wa jirgin Rasha ya sauka. TCAS ta ce masa ya hau, ta ce wa na DHL ya sauka. Matuƙan Rasha suka bi mutum, na DHL suka bi na'ura. A wannan karon dare ne, kuma babu mita 135. Mutum 71 suka mutu, yawancinsu yara.

Rahoton binciken Japan ya fito kwanaki kaɗan bayan wannan haɗari, yana roƙon ICAO ta fayyace dokar. A Nuwamba 2003 aka fayyace: in TCAS ta ba da umarni, ita matuƙi zai bi, ko da mai kula da zirga-zirga ya faɗi akasin haka, sannan ya sanar da ƙasa abin da yake yi. Jimla ce da za a iya rubutawa tun a 2001, kuma ina ganin nauyin jinkirin nan ya fi na suɓul da bakan wani matashi nesa ba kusa ba.

Amma matashin da mai sa masa ido su aka gurfanar. Masu gabatar da ƙara sun bar kyaftin ɗin, suka tuhumi ma'aikatan biyu da sakacin aiki da ya jawo rauni. A 2006 kotun gunduma ta Tokyo ta wanke su. A 2008 babbar kotu ta soke wannan hukunci, ta yanke wa matashin ɗaurin shekara ɗaya, ita kuma shekara ɗaya da rabi, amma aka jingine ɗaurin. Abokan aikinsu da ƙungiyoyin matuƙa sun yi ta kokawa cewa in ana kai mai tuntuɓen harshe kotu, gobe babu wanda zai faɗi kuskurensa da bakinsa har a gyara, kuma ina tare da su a kan wannan. Kotun Ƙoli ta Japan ba ta karɓi wannan hujja ba. A Oktoba 2010 ta tabbatar da hukuncin, su biyun suka rasa aikinsu, kusan shekara goma bayan yammacin da duk mutum 677 ɗin suka sauka ƙasa da ransu.