Irin Zogale da Ruwan Ƙazanta

Mu a nan ganyen zogale muka sani, a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli ko a yi miya. Irin da ke cikin busasshen kwanso kuwa sai ya zube a gindin bishiya ba mai kulawa. A ƙauyukan Sudan na bakin kogin Nilu, mata sun daɗe suna daka shi su zuba a ruwan kogi mai laka. Wata mai bincike, Samia Al Azharia Jahn, ta bi diddigin wannan dabara tun ƙarshen shekarun 1970, kuma a farkon shekarun 1990 masana daga Jami'ar Leicester ta Ingila suka gwada ta a gidan ruwa na Thyolo, a Malawi.

Ga yadda abin yake. Ƙananan ɓurɓushin laka da datti da ke yawo a ruwa duk caji iri ɗaya gare su, don haka suna ture juna, ba sa kwantawa. Sinadarin furotin da ke cikin irin zogale cajinsa kishiya ne. Da ya shiga sai ya janyo su, su dunƙule, su yi nauyi, su sauka ƙasa. A ɓare irin, a daka ya yi laushi, a dama da ruwa kaɗan, a zuba. A gauraya da sauri, sannan a hankali, a bar shi awa ɗaya ko biyu.

Aikin da alif ke yi ke nan a gidajen ruwa. Sai dai alif yana tsamama ruwa, har sai an ƙara farar ƙasa, ga tarin laka da yake bari. Zogale bai cika taɓa tsamin ruwa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ko an matse man irin an sayar, tunkuzar da ta rage tana aiki.

Amma ina jin tsoron masu zuzuta shi kamar maganin kowace cuta. Ba ya kashe duka ƙwayoyin cuta, kuma ruwan da aka tace da shi in ya kwana biyu yakan fara wari, tunda shi kansa garin abin ruɓewa ne. Ruwan da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano ke fitarwa, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom, ya fi ƙarfin zogale shi kaɗai.

Inda nake ganin zai yi rana shi ne ƙananan wurare: mahauta, marina, wurin gyaran shinkafa, inda buhu ɗaya na tunkuza zai daɗe. Ko a nan ma akwai tambayar lakar da ta kwanta. Ta mahauta za ta iya zama taki. Ta marina kuwa, dafin da aka cire daga ruwa yana cikinta, bai kamata ta kusanci fadamar latas da kabeji ba.