Littafin Sunayen Ma'aikata A Ƙasar Ingila, Da Wanda Ya Kamata Ya Riƙe Shi

A manyan ma'aikatu na ƙasar Biritaniya, kamar asibitocin gwamnati, da bankuna, da jami'o'i, da ofisoshin 'yan sanda, akwai wata al'ada wadda ta yi ƙarfi ƙwarai. Ma'aikata waɗanda wani abu ya haɗa su su kan kafa jam'iyya a cikin ma'aikatar, domin su riƙa taimakon juna, su kuma kai kukansu ga shugabanni da murya ɗaya. Akwai ta mata, akwai ta baƙar fata, akwai ta naƙasassu, akwai ta Musulmi, da ta Kirista, da ta Yahudu, da waɗansu da dama. 'Yan sanda baƙar fata na birnin Landan sun kafa tasu tun cikin 1994. A shekarar 2010 kuwa aka yi dokar daidaita mutane, wadda ta lissafa abubuwa 9 da aka hana a ƙi mutum ko a danne shi a wurin aiki saboda su, daga ciki akwai addini, da asali, da naƙasa, da shekaru, da ciki da haihuwa.

To, kowace jam'iyya tana da magatakarda, kowane magatakarda kuwa yana da littafi, ko da ya ke littafin yanzu a cikin kwamfuta ya ke. A nan ne maganar ta ke. Sunan mutum a littafin masu wasan ƙwallo ba ya faɗin kome game da shi sai dai yana son ƙwallo. Amma sunansa a littafin jam'iyyar naƙasassu ya riga ya faɗi cewa akwai wata lalura a jikinsa, ko da ba a rubuta kome a gefen sunan ba. Alhali kuwa ba kowace lalura ido ke gani ba. Akwai mai farfaɗiya, akwai mai ciwon damuwa, akwai mai cutar da ya ke shan magani kullum a ɓoye, ya shekara goma a ofis ɗaya ba wanda ya sani. Ya shiga jam'iyyar domin ya sami waɗanda za su gane halin da ya ke ciki, bai shiga domin shugabansa ya sani ba. Haka nan wanda ya sake addini bai gaya wa danginsa ba tukuna, ko wanda ya ke tsoron a hana shi ƙarin girma idan an san asalinsa. Duk attajirin da ya taɓa riƙe littafin bashi ya san wannan: alƙaluman da ke ciki ba su kai sunayen nauyi ba, gama in aka karanta su a tsakiyar kasuwa, mutuncin mutane da yawa ya zube a yini ɗaya.

Dokar ƙasar ta lura da haka. A ran 25 ga watan Mayu 2018 wata doka ta Tarayyar Turai, wadda a ke kira GDPR, ta fara aiki, Biritaniya kuma ta yi tata dokar tsare bayanai a shekarar, ta kuwa riƙe ƙa'idodin bayan ta fita daga Tarayyar. Dokar ta keɓe waɗansu bayanai ta ce nasu tsaron ya fi tsanani, watau asalin mutum, da addininsa, da ra'ayinsa na siyasa, da lafiyar jikinsa, da zamansa ɗan ƙungiyar ƙwadago, da abin da ya shafi sha'anin jinsi, da alamun jiki irin su zanen yatsa. Mai karatu zai ga cewa kusan kowane littafi na jam'iyyun nan ya faɗa cikin wannan sahu. Ba a tara irin waɗannan bayanai sai da hujja ta musamman, wadda aka fi dogara da ita a nan kuwa ita ce yardar mai su, yarda bayyananna, wadda zai iya janyewa ran da ya so. Yana da ikon ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta a kansa, a amsa masa cikin wata ɗaya. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da ofishin Kwamishinan Bayanai cikin awa 72. Tara mafi girma ta kai fam miliyan 17.5, ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara, wanda ya fi yawa.

Sai dai akwai wata mas'ala mai wuya, ita ce wa ke da littafin? Galibin jam'iyyun nan ba su da gindin kansu a shari'a. A cikin ginin ma'aikata su ke taruwa, da kwamfutarta su ke rubutu, da imel ɗinta su ke aika saƙo. Saboda haka sau da yawa ma'aikatar ce doka ta ɗora wa alhakin bayanan, watau mai gidan da ma'aikaci ya ke so ya ɓoye wa, shi ne kuma mai ɗakin da aka ajiye sirrin a ciki. Har wa yau masana dokar sun daɗe suna cewa yardar da bara ya ba ubangidansa abin dubawa ce, domin wanda ke cin abinci a hannunka ba ya iya ce maka a'a da sauƙi. Don haka jam'iyyun da su ka san abin da su ke yi su kan yi rubutacciyar yarjejeniya tun da fari, a faɗi mutum nawa ne za su ga littafin, a kuma faɗi cewa shugaban sashe da ofishin ɗaukar ma'aikata ba sa cikinsu.

Tsoron da ma'aikata ke yi ba na banza ba ne. Cikin 2009 jami'an Kwamishinan Bayanai su ka shiga wani ƙaramin ofis a garin Droitwich, na wata ƙungiya mai suna Consulting Association, su ka tarar da kundi mai sunayen ma'aikatan gini 3,213. An rubuta wane ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, wane ya cika ƙorafi a kan hatsarin wurin aiki, wane mai tā da rigima ne. Kamfanonin gini fiye da 40 su na biyan kuɗi ana duba musu sunan mai neman aiki kafin su ɗauke shi. Magina da masu aikin lantarki, gwanaye a sana'arsu, su ka yi shekaru su na yawo daga wannan wurin gini zuwa wancan ana ce musu babu gurbi, ba su san dalili ba, waɗansu har gidajensu su ka watse. Mai riƙe da kundin tarar fam 5,000 kaɗai aka ci shi. Sai a 2016 manyan kamfanonin su ka nemi gafara a gaban babbar kotu, su ka biya diyya ta miliyoyin fam. Wanda ya san wannan labari, in aka miƙo masa takarda aka ce ya rubuta sunansa da addininsa, ba a ga laifinsa ba in ya tsaya ya yi tambaya.

Wancan mugunta ce da gangan. Amma abin da ya fi yawan tona asiri shi ne sakaci na ɗan lokaci kaɗan. A wasiƙar imel akwai gurbin da in aka sa sunaye kowa zai ga na kowa, akwai kuma gurbin da ke ɓoye su. Cikin watan Satumba 2015 wani asibiti a Landan, mai duba masu cutar ƙanjamau, ya aika da takardar labarai ga mutum 781, aka sa sunayen a gurbin da ba ya ɓoyewa. Aka ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a 2016. Ma'aikatar tsaron Biritaniya ta yi irin wannan kuskure a 2021 da sunayen 'yan Afganistan waɗanda su ka yi wa sojojinta aiki, su na neman hanyar fita bayan Taliban sun kama mulki, aka ci ta fam 350,000. A watan Agusta 2023 kuwa 'yan sandan Ailan ta Arewa su ka saki takarda a intanet mai ɗauke da sunan mahaifi, da muƙami, da wurin aikin dukan ma'aikatansu 9,483, a ƙasar da waɗansu 'yan sanda, musamman 'yan Katolika, ke ɓoye aikinsu ko ga maƙwabta domin tsoron rai. Awoyi kaɗan takardar ta yi a fili kafin a cire, amma an riga an kwafa. Tarar fam 750,000 ce. In manyan hukumomi masu lauyoyi sun yi tuntuɓe a nan, ina ga magatakardan jam'iyya wanda ke yin aikin don sa kai, a ɗan lokacin cin abincin rana?

Dabarun da a ke bi ba masu tsada ba ne. Ba a tambayar abin da ba a bukata: suna da hanyar aika saƙo sun isa, ba sai an ce mutum ya faɗi irin ciwonsa ba. Jam'iyyu da yawa kuma sun buɗe ƙofa ga magoya baya, watau waɗanda abin bai shafe su ba amma su na son taimakawa, kuma wannan hikima ce babba, gama in littafi ya haɗa mai lalura da mai lafiya ba tare da an bambanta su ba, ganin suna a ciki ba ya zama shaida a kan kowa. In shugabanni sun nemi su san ƙarfin jam'iyya, adadi a ke ba su, ba sunaye ba. Adadin ma sai da lura. In aka ce a reshe kaza akwai mace Musulma ɗaya, ai an faɗi sunanta ke nan, shi ya sa a kan ɓoye adadin da ya yi ƙanƙanta, ko a haɗa shi da na wani reshe. Zauren WhatsApp yana nuna lambar wayar kowa ga kowa, hoton walimar buɗe baki da azumi kuma yana nuna fuskoki, saboda haka a kan nemi izini kafin a sa mutum a ɗayansu. Wanda ya fita daga jam'iyya a kan share sunansa. Magatakardan da ya sauka kuwa ya kan miƙa littafin ga magajinsa, ya goge wanda ke cikin wayarsa, domin a nan ne tsofaffin kundaye su ka fi maƙalewa.

A Nijeriya ma an sa hannu a kan dokar tsare bayanan mutane cikin watan Yuni 2023, aka kafa hukuma mai kula da ita. Ita ma ta keɓe ƙabila, da addini, da lafiyar jiki, da ra'ayin siyasa, da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago a cikin bayanai masu tsananin tsaro, ta kuma sa wa'adin awa 72 na kai rahoto in sun fita. Gana ta yi tata tun 2012, Jamhuriyar Nijar kuwa a 2017.